Sai Kwamiti Ya Gani da Ido

A shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna a ƙauyenmu, wanda ke can gefen hanyar da ta tashi daga Kankia zuwa Kusada, hukuma ta yi wata doka da aka ce ta jinƙai ce. Dokar ta ce duk wanda ambaliya ko guguwa ko gobara ta shafa, za a ɗaga masa wa'adin biyan kuɗin rumfar kasuwa da sauran harajin sana'a har zuwa bayan kaka. Ba yafewa aka yi ba, jinkirtawa ce kawai. Amma an yi ta nanata ta a rediyo safe da yamma, da kiɗa a gaba da kiɗa a baya, har mai sauraro ya ɗauka gonaki za a raba wa talakawa.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Kankia, kuma na samu kwafin dokar na karanta. Wanda ya tsara ta ya iya Turanci, ba zan hana shi wannan ba. Ya buɗe da dogon bayani a kan tausayin shugabanni, ya bi da wani a kan haƙƙin talaka. Sai can ƙasa, kusa da wurin sa hannu, ya ajiye sharaɗinsa: ba za a ɗaga wa kowa wa'adi ba sai kwamiti ya zo ya ga ɓarnar da idonsa, ya kuma ɗauki hoton mai abin yana tsaye a gabanta.

Wanda dokar ta shafa a gidanmu shi ne wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na gama jami'a. Ɗan hatsi ne. Rumfarsa a kasuwar yankinmu gado ce daga mahaifinmu, tana daidai bakin layin 'yan hatsi, inda duk mai shigowa da buhu ko da ƙwarya zai fara tsayawa. Wanda bai san kasuwa ba zai ce rumfa ai rumfa ce, dirka huɗu da rufin kwano. Amma a layin hatsi wuri shi ne rabin ciniki, kuma ƙa'ida ita ce duk wanda wa'adi ya wuce bai sabunta ba, a ba wani. Wanin kuma ba a nesa yake ba. Akwai wani dillali a unguwarmu da ya daɗe yana zagaya rumfar nan da ido, yana gaishe da Yaya gaisuwar da ta fi ƙarfin zumuncin da ke tsakaninsu.

Ruwan ya zo ne a tsakiyar marka. An yi kwana da kwanaki sama ba ta buɗe ba, ƙasa ta sha ta ƙoshi, sannan wata rana da hantsi aka saki wani kamar da bakin ƙwarya. Rafin da ke bayan gari ya cika ya biyo burtali ya shigo unguwa. Kafin la'asar ɗakin ajiyar Yaya ya zauna a kan buhunan geron da ya adana tun bara don ya fitar lokacin da hatsi ke daraja, katangar gidan kuma ta ɓangaren hanya ta kwanta gaba ɗayanta. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Washegari na hau babur na je. Na yi zaton zan tarar da shi a kan geron, domin jarinsa kaf yana ƙarƙashin laka. Sai na iske ko kallon wurin ba ya yi, hankalinsa duk yana kan katanga. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, tana cikin wankan jego, kuma inda ake dafa mata ruwa take wanka safe da yamma yana daidai bayan katangar da ta faɗi. Yanzu duk wanda ya bi hanya, mai jaki da mai keke, tsakar gidan a buɗe take gare shi har madafa. Mutane kan kawar da kai in sun zo wucewa, kuma na lura wannan kawar da kan ya fi yi masa ciwo fiye da a ce kallo suka yi. A ranar aka aro zana daga gidaje uku aka kakkafa. Tsofaffin zana ne, iska na kaɗa su, awaki na cin gindinsu, kuma mai tsawo in ya ɗaga ƙafa zai ga abin da ke ciki. Na fito da wayata na ɗauki hotunan katangar da ɗakin ajiyar, ba don na san za a yi wata doka ba, sai don irin halinmu na 'yan boko, da ba ma yarda abu ya faru sai mun adana shi a wani wuri.

Bayan 'yan makonni aka yi dokar. Ranar da na karanta sharaɗin nan ban jira ƙarshen mako ba, na tashi daga makaranta na wuce ƙauye. Na iske an fara tara ƙasa a ƙofar gida, Yaya ya riga ya zagaya unguwa ya kira gayya, domin ruwa ya ɗan ɗaga, rana ta fara fitowa yadda tubali zai bushe. Na ja shi gefe na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ya dakata, ya bar komai yadda yake har kwamiti ya zo.

Ya ce, "Yaushe za su zo, Malam?" Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na ce, "Ba a faɗa ba."

"To, in bar iyalina bisa hanya har ranar da ba a faɗa ba?"

Matarsa tana jinmu daga bayan zana. Da ma akwai wasa tsakanina da ita, irin na ƙanin miji da matar wa. Ta ɗaga murya ta ce, "Bar shi, ai shi gidan siminti yake kwana. In yana son kwamiti ya ga abu, ya kawo tashi matar ta yi wanka nan, ni in koma Kankia in riƙe mashi gida."

Yaya ya yi dariya, ni ma na yi. Maganar dakatawa ta mutu a nan.

Wanda bai taɓa zama a gidan ƙasa ba akwai abin da ba zai sani ba, kuma ina kyautata zaton mai tsara dokar nan yana cikinsu, ko kuwa ya taɓa zama ya manta da gangan. Katangar ƙasa in ta faɗi ba a kwashe ta a zubar. Ita ɗin ce za a farfasa, a jiƙa, a zuba mata ciyawa, a tattaka, a sake dunƙula tubali da ita. Tsohuwar ƙasa ma ta fi sabuwa riƙo, haka magina ke cewa. Saboda haka a garinmu ɓarna ba ta zama ta jira baƙo. Abin da ya faɗi jiya shi ne ke tsaye gobe. Geron kuma da ya jiƙe ya tsira ya ruɓe, warinsa ya hana mai jego sakat, aka loda shi a mangala aka kai gona ya zama taki. Wane mai hankali ne zai ajiye ruɓaɓɓen hatsi kusa da jariri don wani mai kyamara?

Ranar gayya unguwa ta fito. Wanda ya ja ragamar aikin wani dattijo ne magini, abokin mahaifinmu, da duk muke kira Baba. Ya daina hawa gini don kuɗi tuntuni saboda ciwon baya, amma ranar nan shi ya ja igiya, shi ya aza tubalin farko, kuma bai bar wani ya gyara kusurwa ba sai shi. Masu gona sun bar gonakinsu, alhali lokaci ne da kowa ke da abin yi. Abin da nake da shi a hannu, wanda ragon suna ya rage, ya tafi a tuwo da furar masu aiki. Da aka gama, aka yi yaɓe, katangar ta fi ta da tsawo da kauri. Baba ya ja da baya ya dube ta ya ce wannan sai dai jikoki su gaji da ganinta.

Kwamiti bai zo ba sai da ƙasa ta bushe sarai. An ce hanya ce ba ta da kyau, daga baya aka ce alawus ne ba a fitar ba. Duka biyun na yarda da su. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda wasu suka fahimci dokar fiye da ni da na karanta ta da Turancinta. Dillalin nan yana da wani kango a bayan gari, gidan kakansa, wanda ya rushe tun ina firamare. Tumfafiya ta fito a cikinsa ta tsufa, yara na kama ƙadangaru a wurin. Da ya ji kwamiti na tafe, ya sa aka sassabe shi, aka share kashin awaki, aka watsa 'yan tsofaffin kwanuka da tabarma a ciki, aka yayyafa ruwa. Ya fara ba da shi haya ga masu neman inda za a ɗauke su hoto. Wanda ya biya sai ya tsaya ta gabas, wani ta yamma, wani a ƙofar zaure. Kango ɗaya ya zama gidan mutane da dama, wasunsu ma a kan tudu suke zaune, inda ko kaza ruwa bai jiƙa musu ba.

Na ɗauki izini a makaranta ranar da suka iso. Farar mota ce, da shugaban kwamiti a gaba, mutum mai jiki, da babbar riga da baƙin tabarau, sai mai ɗaukar hoto, wani siriri mai yawan magana. Sun fara da kangon dillali, suka daɗe a can. Da suka iso ƙofar gidanmu shugaban bai ko sauko da ƙafarsa ta biyu daga mota ba ya ce, "To, ina ɓarnar?"

Yaya ya gaishe shi, ya nuna masa katangar, ya nuna inda sabon yaɓe ya bambanta da tsoho. Ya nuna masa layin da ruwa ya bari a jikin zaure, wanda ya kai ƙugun mutum. Ya nuna filin da ɗakin ajiya yake a da. Mai unguwa yana tsaye ya ba da shaida, Baba ma ya ba da tasa.

Shugaban ya saurara da irin haƙurin da babba ke yi wa yara. Sannan ya ce wa Yaya, "Malam, doka ba ta ce a ji ba, ta ce a gani. Ni katanga nake gani. Kai, ta ma fi ta gidana kyau."

Na matso na nuna masa hotunan da ke wayata. Ya ɗaga tabarau ya duba, ya mayar da shi.

"Kai ne malamin makarantar? To ai kai ya kamata ka fi kowa sani. Hoton waya ba hujja ba ne. Kowa na iya ɗauko rushasshen gidan wani ya ce nasa ne."

Ya faɗi haka ne ƙurar kangon dillali ba ta bar takalminsa ba. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya taɓa mini hannu. Ya san in na faɗi abin da ke bakina, takardarsa ta ɗaga wa'adi ta mutu har abada, kuma da ita za a binne ta wasu maƙwabta da suka yi asara ta gaskiya amma suka bi ta kango don ba su da wata hanya.

Shugaban ya ce za su wuce wajen Kusada, jibi za su biyo ta nan a kan hanyarsu ta komawa. "In mun ga ɓarna, mu rubuta. In ba mu gani ba, ba laifinmu ba ne." Mai hoto ya tsaya a baya kaɗan, ya rage murya ya ce wa Yaya, "Baba, ba sai duka ba fa. Daidai abin da zai cika hoto."

Wa'adin kuwa ƙarshen watan ne. Albashinmu bai fito ba, kuma ko ya fito ba zai kai ba, domin a shekarar an haɗa kuɗin rumfa da na sabunta izini. Geron Yaya na fadama ruwa ya cinye, abin da ya rage masa dawa ce da wake a gonar tudu, su kuma sai sanyi ya shigo. Jinkirin nan da ake ta yi wa kiɗa a rediyo shi ne daidai abin da yake bukata, ba ƙari ba ragi.

Bayan la'asar muna zaune a zaure sai ga dillali, da sallamarsa mai tsawo. Ya jajanta, ya zagi kwamiti, ya zagi zamani. Sannan ya ce shi ba zai ga ɗan unguwa cikin wannan hali ya yi shiru ba. Kusurwar arewa ta kangon ba wanda ya tsaya a cikinta tukuna, kuma ga Yaya kyauta ce, ko sisi ba zai karɓa ba. In kuma hakan bai yi ba, zai iya biya masa kuɗin rumfar, a rubuta sunansa a kai na ɗan lokaci, kafin abubuwa su daidaita.

Yaya ya ce, "Na gode. Allah shi bar zumunci."

"To wanne za a yi?"

"Na ce na gode."

Dillali ya yi sallama ya fita. Sai Yaya ya ce, "In na tsaya gaban kangon kakan wani na ce nawa ne, na yi ƙarya, kuma wanga mutum ya riƙe ni a hannu har in mutu. Amma tawa katanga ai ta faɗi. Kowa ya san ta faɗi. In na kada ta, abin da ruwa ya yi ne zan maimaita masu, tunda sun makara."

Na sha juya wannan magana a raina cikin shekarun da suka biyo baya. A jami'a an koya mana rarrabe hujja mai kyau da marar kyau, kuma ban tabbata tasa za ta tsallake ba, domin hoton da za a ɗauka zai ce ruwa ne ya yi abin da diga ta yi. Amma ban ga wata hanya ta uku da zan nuna masa ba a ranar, kuma har yau ban gano ta ba. Doka ce ta tsaya a gaban mutumin da bai saba ƙarya ba ta ce masa ya zaɓi wadda zai iya haɗiyewa.

Abin da ya fi yi masa nauyi ba katangar ba ce, mutanen da suka gina ta ne. Aikin gayya ba naka ba ne kai kaɗai, ko da a gidanka aka yi shi. Kowane tubali akwai wanda ya bar gonarsa ya dunƙula shi. Washegari tun da safe ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa musu abin da zai yi, yana neman su yafe masa. Na raka shi. Wasu suka ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri, suna duban ƙasa. Wani ya ce, "Da ka faɗa mana tun farko ai da mun yi ta da kara." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

Gidan Baba muka je a ƙarshe. Yana zaune a kan buzu yana gyaran igiya. Yaya ya durƙusa ya yi bayani. Baba bai ɗago daga igiyarsa ba har Yaya ya gama. Sai can ya ce, "Wane gefe?"

"Na tsakiya, Baba. Daidai abin da zai cika hoto, inji su."

"Inji su." Ya ajiye igiyar. "Kada ka taɓa ta sai na zo. Kai awo ka iya. In ka sara inda ba daidai ba, za ka ja mini kusurwa ta tsage."

Ranar da kwamiti zai dawo muka fara da sassafe, mu uku. Ba a kira kowa ba, ba kuma wanda ya zo, sai dai na ga ana leƙowa daga zaurukan maƙwabta. Matar Yaya ta kwashe kayan wankanta ta koma ɗaki da jaririn. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, "Malam, a jami'ar taku wace shekara ake koyar da wannan? A gina a rushe?" Wannan karon ba ta jira na rama ba, ni ma ban nemi ramawa ba.

Baba ya zana layi biyu da tsinin sanda, ya ce daga nan zuwa nan. Katangar ta ƙi faɗuwa. Yaya na sara, diga na dawowa, gumi ya jiƙa masa riga. Baba na gefe yana riƙe da ƙugu yana cewa, "Sara da kyau mana. Ka ɗauka aikin 'yan kwangila ne?" Ina jin a duniya ba a taɓa yin magini da ya yi alfahari da aikinsa cikin baƙin ciki irin na ranar ba. Sai da hantsi ya yi sosai sannan tsakiyar ta rufta cikin hanya, tsakar gida ta sake bayyana, da turmi da igiyar shanya da komai.

Da motar ta iso, shugaban ya sauko da ƙafafunsa duka biyu. Ya zagaya tarin ƙasar yana gyaɗa kai, ya ce, "Yauwa. Yanzu ga ɓarna." Kamar ba shi ne ya tsaya a nan shekaranjiya ya yaba wa katangar ba. Ban ga alamar kunya a fuskarsa ba, ban kuma ga alamar mugunta ba. Fuskar mutum ce da aiki ya zo masa daidai da takarda.

Mai hoto ne bai gamsu ba. Ya ce gefen ya cika miƙewa, ruwa ba ya yanka katanga kamar da wuƙa, a ɗan farfasa bakin. Baba ya juya ya tafi gida bai yi wa kowa sallama ba. Aka farfasa. Mai hoto ya ce ƙasar ta bushe da yawa, a kawo ruwa. Aka kawo jarka biyu daga rijiya aka kwarara. Sannan ya tsayar da Yaya a gaban wurin, ya duba ta cikin kyamara, ya sauke, ya ce masa:

"Baba, cire hular nan, ta cika kyau. Yauwa. To ɗan ɓata rai mana. Ka tsaya kamar wanda za a ba lambar yabo."

Yaya ya cire hula ya riƙe a hannu. Bai ɓata rai ba, bai kuma saki ba, ya dubi kyamarar kawai. Aka ɗauka. Shugaban ya yi ɗan jawabi ga waɗanda suka taru, a kan yadda hukuma ba ta barci saboda talakawanta, ya ce a ci gaba da yi wa shugabanni addu'a. Wani ya ce amin, domin ba a barin addu'a a ƙasa. Suka shiga mota.

Na daɗe ina raina mutanen nan, kuma ban ga dalilin dainawa ba. Amma da shekaru suka ja, rainin ya tashi daga kan shugaban kwamiti, wanda ƙaramin ma'aikaci ne da aka ba tabarau da mota, ya koma kan waɗanda suka zauna a ɗaki mai sanyi suka yanke cewa talaka ba a yarda da bakinsa, ba a yarda da mai unguwarsa, ba a yarda da dattawan garinsu, sai an gan shi tsaye cikin kufai ba hula. Za a ce sharaɗin don maganin maƙaryata aka sa shi. Na yarda akwai maƙaryata. Su ne ma suka fara samun takarda, ba tare da sun ɗaga diga ba. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko ina da hurumin wannan raini, ni da ake cire harajina daga albashi tun kafin in gan shi, ba a taɓa cewa in rushe komai ba. Wataƙila raini ya fi sauƙi ga wanda bai da rumfar da zai rasa. Yaya, wanda aka yi wa abin, ban taɓa jin ya zage su ba ko sau ɗaya.

Takarda ta fito, aka ɗaga masa wa'adi. Dawa ta yi kyau a shekarar, wake ma ba laifi, ya sayar ya biya kafin lokacin da aka ba shi ya cika. Dillali ya ci gaba da gaishe shi, amma gaisuwar ta koma daidai tsawon ta kowa.

Giɓin katangar kuwa da zana aka toshe shi har sanyi ya wuce. Yaya bai sake kiran gayya ba. Ba wanda ya ce ba zai zo ba, shi ne ya ce ba a tara mutane sau biyu a kan katanga ɗaya. Ya je wurin Baba ya ce zai biya shi ladan aiki, Baba ya ce bayansa ya matsa masa. Daga ƙarshe wani magini ya ɗauko daga wajen Sukuntuni, wanda bai san labarin ba, ya cike wurin. Tun daga lokacin, duk gayyar da aka kira a unguwa Yaya ne na farkon zuwa, yana aiki kamar an ɗauko shi haya, amma in aka sauke tuwo sai a neme shi a rasa.

Wata ranar kasuwa da bazara na biya ta rumfar. Na iske shi zaune tsakanin buhuna, tiyar awo a hannu, layin ya cika da masu awo. Na zauna a kan benci har ciniki ya ɗan lafa, sannan na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, ko da za a mayar da shi ranar nan zai sake ɗaukar digar.

Ya kakkaɓe ƙaiƙayi daga gaban rigarsa. Ya ce, "Rumfa dai tana nan, Malam."

Wata tsohuwa ta tsaya da ƙwarya tana tambayar yadda ake ba da dawa. Ya juya wurinta, ya zura hannu cikin buhu ya ɗebo mata ta gani.